Shekarar da Na Raba Baba da Kogi

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara iya karatu, akwai maganar da na san kuna ji a gidan nan tun kuna ƙanana, wadda ake yi ƙasa-ƙasa idan dangi sun taru biki ko suna: wai ni na raba kakanku Malam Sale da kogi, kuma wai da wayo na yi. Ban taɓa musawa ba, domin gaskiya ne. Sai dai masu ba ku labarin sukan fara shi daga tsakiya, su ajiye shi kafin ƙarshe. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni, ido kuma yana da sauransa, bari in rubuta muku yadda abin ya faru.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, Wudil ba ta zama wuri ɗaya. Tifofi suna layi a bakin kogi tun asuba, ana loda musu yashi zuwa Kano, inda kowa ke gini kamar an yi gasa. Wanda jiya yake tafiya a ƙasa, yau sai ka gan shi a kan sabon keke da rediyo a rataye a kafaɗa. Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da auren mahaifiyarku Hauwa ba, ina aiki a ɗakin awo na wani ƙaramin asibiti. Kada sunan ya ruɗe ku. Aikina wanke kwalabe ne da rubuta sunayen marasa lafiya. Akwai madubin awo, wanda ke girmama abin da ido ba ya gani, amma yana kulle a akwatinsa tun da aka yi wa mai amfani da shi canjin wurin aiki. Baba kuma masunci ne, ɗan masunci. Shekararsa ta haura hamsin, amma idan ya ɗora ƙirji a kan gora ya shiga ruwa da homarsa ta kamun kifi, samari ma ba sa cim masa.

A farkon ranin wannan shekara aka kawo mana likita ɗan ƙasar Masar, Dokta Fu'ad, wani gajere kakkaura mai sanƙo, wanda ba ya tafiya sai da sauri. Mutanen gari suka sa masa Likita Balarabe. Da ɗan Turancina, da Larabcin da na tsinta a makarantar zaure, da Hausarsa mai tuntuɓe, haka muke fahimtar juna. A satinsa na farko wani mai haƙar yashi ya kawo fitsari ja kamar zoɓo. Na ɗaga kwalbar, na rubuta tsargiya, na nufi wurin zubarwa. Likita ya riƙe hannuna.

"Shekararsa nawa?"

Na ce zai yi hamsin. Na ƙara da cewa a nan bakin kogi wannan ba komai ba ne, kowane yaro yana fitsarin jini, har iyaye sukan ce alamar balaga ce. Ni kaina na yi.

"A garinmu ma haka suke cewa," in ji shi. "Ubana manomi ne a bakin kogin Nilu. Haka ya ce, har ranar da ya kasa tashi. Isyaku, ɗauko mabuɗin akwatin can."

Abin da na gani a ranar, har gobe idan na rufe ido ina ganinsa. Ya zuba fitsarin a wasu siraran kwalabe, ya sa su a wani inji mai mariƙi da ake juyawa da hannu, ya ce in juya. Na yi ta juyawa har kafaɗata ta ɗauki zafi. Da muka tsaya, sai ga wata 'yar laka ta kwanta a gindin kwalbar. Ya ɗiga ta a kan gilashi, ya kai madubin bakin taga, ya karkata wani ɗan madubi na ƙasa har hasken rana ya shiga, sannan ya ce in sa ido. Da farko hazo kawai na gani. Ya murɗa wani abu a gefe, sai ga su nan, ƙwai, dogaye kamar ƙwallon dabino, kowanne da 'yar ƙaya guda a gindinsa. Ya ɗiga ruwa mai kyau a kai ya ce in jira. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Ina kallo ɗaya daga cikinsu ya motsa, ya fashe, wani ɗan abu ya fito ya kama iyo da gudu, yana kewaya gilashin kamar ƙaramin kifi a kwatarniya. Na yi salati da ƙarfi har masu jiran magani suka leƙo. Ni da na tashi a cikin ruwan nan, na sha shi, na yi wanka da shi, ban taɓa sanin akwai wani mai iyo a cikinsa da ya fi mu yawa ba.

Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali. Tsutsar tana fita daga jikin 'yan katantanwar da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ta shiga fatar mutum, ta girma a ciki, ta riƙa zuba ƙwai a bangon mafitsara. A jikin yaro, jini ne kawai. Amma mutumin da ya yi shekara talatin, arba'in, kullum yana cikin ruwa, kullum ƙayar nan tana sukar wuri ɗaya, wani lokaci wurin yakan juye ya zama ciwon daji. Ya ce yawanci ba a kawo su sai abin ya cika mara. Amma fitsari yana faɗa tun da wuri, in an tambaye shi. In an kama shi yana ƙarami, ana iya cire shi mutum ya ci gaba da rayuwarsa.

"Yaro mai jan fitsari, ka nemi ƙwai," ya ce. "Dattijo mai jan fitsari, ka nemi ƙwai, in ka gani kada ka tsaya. Ci gaba da nema."

Ran nan da gudu na koma gida. Hauwa tana tsince shinkafa, na tsaya a kanta ina zana mata ƙwan a ƙasa da tsinke, ina kwatanta iyon da hannu. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka dai ci abinci tukuna, abin ba zai gudu ba." Ban ci ba sai da na gama ba ta labarin sau biyu.

Shirin Likita shi ne kada mu zauna jiran su zo. Mu za mu bi su, masunta da masu yashi da manoman fadama, duk wanda ya manyanta a cikin ruwa. Kowa a ba shi kwalba da tsakar rana, domin lokacin ne ƙwan suka fi fita, ya kawo ƙarshen fitsarinsa. Akwai wata siririyar takarda da ake tsomawa, in da jini ko da ido bai gani ba sai ta canza launi. Mai ƙwai a ba shi magani. Bayan wata biyu a sake dubawa. Wanda jininsa bai tsaya ba, sai a shafa lakar a gilashi, a tsoma a sifirit, a aika babban asibiti a birni, inda akwai masanin da ke gane ƙwayoyin jiki in sun fara lalacewa. Ya ce yana bukatar mutum ɗaya ɗan gari wanda zai koya wa madubin, ya kuma yi masa magana da mutane. Kafin ya rufe baki na ce ga ni.

A cikin satin nan ne abokina Garba ya zo gidanmu a kan sabon babur, yana walƙiya. Yana aiki da wani kamfanin gina hanya, kuma suna neman mai kula da sito wanda ya iya rubutu. Albashin ya ninka nawa sau uku. A zaure ya faɗa, a gaban Baba da ƙanensa Baffa Tanko, suna gyaran taru. Baba bai ɗaga kai ba, amma na ga hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana son a yi wa ɗakin Inna, mahaifiyata, rufin kwano kafin damina.

Na ce wa Garba na gode, amma na riga na ba Likita alkawari.

Baffa Tanko ya tuntsire da dariya har yana tari. "Yaya, ka ji ɗanka? An ba shi mabuɗin sito, ya ce shi fitsarin mutane yake so!"

Baba ya ja zare ya ɗaure, ya yanke da haƙori, sannan ya ce, "Kowa da abin da ya gani." Na san ransa ya ɓaci, amma a lokacin ina cikin zumuɗin da ko tsawa aka yi mini ba zan ji ba.

Muka fara da ƙauyuka. Akwai wata tsohuwar motar jif ta asibiti, mu loda akwatin kwalabe da inji da madubi, mu kafa tebur a gindin bishiya. A wajen Utai mai unguwa ne ya fara karɓar kwalba, yana dariya yana cewa in dai ba kuɗi za a karɓa ba, wannan kam yana da shi da yawa. Da aka ga ya bayar, kowa ya bayar. A Lajawa na bar wani dattijo ya leƙa madubin, ya ja da baya ya ce wannan duk a cikinsa suke? Ya koma ya taso ƙannensa uku daga gona. Kullum in na dawo gida wuyana a ƙage, idona yana ruwa, amma ji nake kamar an ba ni wani ido na uku. Ina iya duba ɗigo ɗaya in ce wa mutum ga abin da ke damunsa tun yana yaro, in ba shi magani, bayan wata biyu ya dawo ya riƙe hannuna yana cewa fitsarinsa ya yi fari kamar na jariri.

A bakin kogin garinmu ne muka ci karo da bango. Muka kafa tebur kwana uku, ba wanda ya matso. Suna wucewa da gorunansu, su gaishe da Likita da ladabi, su dube ni su yi murmushi. A rana ta uku wani daga cikinsu ya tsaya ya gaya mini gaskiya.

"Isyaku, ba raina ka muka yi ba. Amma ubanka ne babbanmu a ruwan nan. In abin kirki ne, don me bai bayar ba?"

Ku da kuka tashi a zamanin da ɗa ke raka uba ɗakin likita ya tsaya a kansa, ba za ku gane nauyin abin ba. Ni ko kalmar fitsari ban isa in furta a gaban Baba ba, balle in miƙa masa kwalba.

Inna ce ta karya mini wannan kunyar. Wata rana na shiga gaishe ta tana tankaɗe, ta amsa ba tare da ta dube ni ba, ta ci gaba da buga rariya. Can ta ce, kamar da garin take magana, "Wannan abin da kuke dubawa, har da wanda yake fita guda-guda?"

Na ce guda-guda kamar yaya, Inna?

"Kamar hanta in an yanka. Tun kaka nake gani a wanki. Kuma sallar da yake yi da alwala ɗaya da, yanzu sai ya sake uku." Ta kaɗe rariyar. "Ni dai ban ce komai ba."

Na fita. Duk abin da Likita ya koya mini ya dawo mini a lokaci ɗaya, kuma wannan karon ba ɗigo ba ne a kan gilashi. Na kwana biyu ina juya yadda zan yi. In na tambaye shi kai tsaye zai ce a'a, kuma in Baba ya ce a'a sau ɗaya, an rufe maganar ke nan har abada. Sai na tuna halinsa guda. Bai taɓa barin baƙo ya fita gidansa hannu sake ba. In an gama cin abinci yakan ce wa baƙo ya faɗi abin da yake so a gidan, kuma na ga ya ba da tabarmar da yake zaune a kai, na ga ya ba da zakara. Na je na gaya wa Likita komai, na ce ya zo cin abinci ranar Juma'a bayan masallaci, ya sa kwalba a aljihu, kada ya ce uffan sai an tambaye shi. Ya dube ni ya ce, "Zai yi fushi da kai." Na ce na sani.

Wannan shi ne wayon da kuke ji ana faɗa.

Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka, aka gasa manyan tarwaɗa biyu. Likita ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa, ya ci da hannu, gumi yana zuba daga sanƙonsa. Ya ba Baba labarin Nilu, faɗinsa da irin kifinsa. Baba ya saki jiki, yana tambaya ko suna da giwan ruwa, ko suna su da gora kamar mu. Suka yi ta kwatance da hannu suna dariya, ni ina fassara. Da aka wanke hannu, Baba ya gyara zama.

"Gaya wa baƙonmu, ya zo daga nesa, ya yi sallah a sahunmu, ya ci abincinmu. Ya faɗi abin da yake so a gidan nan."

Likita ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar, ya ajiye ta a kan tabarma da hannu biyu. Da Hausarsa ya ce, "Baba, wannan nake so. Don Allah."

Baba ya dubi kwalbar, sannan ya ɗago ya dube ni, kuma wannan kallon ban taɓa mantawa da shi ba. Ba fushi ne a ciki ba tukuna, mamaki ne, irin na wanda ya taka abu a ruwan da ya sani. Ya ɗauki kwalbar ya shiga cikin gida. Da ya dawo ya naɗe ta a tsumma, ya ajiye a gaban Likita, ya yi masa rakiya har bakin hanya kamar yadda ya saba. Da ya juyo ya same ni a ƙofar zaure sai ya ce, "Ashe kai ma ka iya su. Baƙo ka sa mini a ƙugiya."

Ƙwan da na gani a nasa kaɗan ne, tsofaffi, sun yi baƙi. Jini kuwa ya cika gilashin. Aka ba shi magani, Inna ta tsaya a kansa ya shanye. Likita bai jira wata biyu ba, ya ce a shafa a aika birni nan take. Ni na shafa da hannuna, na rubuta sunan ubana a jikin gilashin. Sati uku muna jira. Ranar da takardar ta zo, Likita ya karanta a tsaye, ya ce an ga ƙwayoyin da ba su yi kama da na lafiya ba, ana so a kawo shi a leƙa mafitsarar da wani siririn madubi mai fitila.

Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce an roƙi kwalba ya bayar, ba a roƙi jikinsa ba. Na durƙusa a tsakar gida ina ba shi haƙuri, bai ko dube ni ba. Sai Inna ta fito daga ɗaki. A iya sanina ba ta taɓa sa baki a maganarsa a gabanmu ba.

"Malam," ta ce, "kai kana iya ɓoye wa mutanen bakin kogi. Ni nake wanke wandon. In ba za ka je don kanka ba, ka je don in daina wanki ina kuka."

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Idi ya shiga jif.

Kwanansa tara a asibitin birni. A rana ta biyu aka leƙa, a ta huɗu aka yi aiki. Ina zaune a baranda tun safe, na ƙirga ramukan bulo na bangon da ke gabana har na haddace su. Wajen azahar likitan tiyata ya fito tare da Dokta Fu'ad, wanda ya baro aikinsa ya biyo mu. Tun daga nesa na ga Likita yana tafe kamar zai tashi sama. Ya kama kafaɗuna biyu yana girgiza ni.

"Ƙarami ne, Isyaku! Bai kai gurjiya ba! Bai ratsa bango ba, sun cire shi duka!"

Likitan tiyatan ya ce yawancin masu irin wannan ciwo ba sa iso gare shi sai ba abin da hannu zai iya yi, ya tambaya wa ya gano shi. Dokta Fu'ad ya nuna ni. Ban tsaya jin sauran ba. Na yi sujada a kan simintin barandar, na tashi na fita ƙofar asibiti ban san inda nake nufa ba. Na tarar da wata mata mai ƙosai, na ce ta juye mini duk abin da ke cikin tiren, na dawo ina bi gado-gado ina raba wa masu jinya, mutanen da ban taɓa gani ba, ina ce musu ubana ya tashi, ubana ya tashi. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, da ma rasuwa ya yi?" Na ce a'a, Iya, amma ya tashi.

Murnata ba ta bar ni na ji sharaɗin da aka gindaya ba sai ranar sallama. Za a riƙa duba shi duk bayan wata shida. Kuma kada ya sake shiga kogi. In ya koma, tsutsar za ta sake shiga, ta koma sukar wurin da aka ɗinke. Ni aka sa na fassara masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To." Muka kamo hanya daga Kano zuwa Wudil. Da muka hau gada ya juya fuskarsa ya dubi ɗaya gefen motar.

Daga nan abin ya yi mini tsada. Baba ya warke, ya yi ƙiba, jinin ya ɗauke. Amma an cire masa abin da yake tashi dominsa. Ya rataye gorarsa a zaure. Da safe yakan je bakin kogi ya zauna a kan tudu yana gyara tarun wasu, yana kallon yaran da ya koya wa iyo suna shiga inda shi ba zai shiga ba. Baffa Tanko yana faɗa a kasuwa cewa an yanka yayansa an mai da shi mai gadin kifi, kuma ɗansa ne ya kai shi. Ba wanda ya kawo mana kwalba daga bakin kogi, ko ɗaya. In na gaishe da Baba yakan amsa, lafiya lau, madalla, shi ke nan. Wata bakwai muna haka a gida ɗaya. Damina ta zo, ɗakin Inna ya yi yoyo, muna tara kwanoni a ƙasa, ga rufin gidan su Garba yana ƙyalli daga nesa. Akwai ranar da na ce wa Hauwa ko dai na yi kuskure ne. Ta ce, "Mutumin da yake fushi da kai yana da rai. Je ka ci abinci."

Bayan kaka Baffa Tanko ya fara ramewa. Ya ɓoye, kamar yadda yayansa ya ɓoye, har ranar da fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, aka ɗauko shi daga kwale-kwale a sanƙame. Baba da kansa ya kawo shi wurin Likita, shi ya raka shi birni, shi ya zauna a barandar da na zauna. Suka dawo bayan kwana huɗu. An leƙa, an ce ya cika wurin, ya wuce. Baba ya yi jinyar ƙanensa wata biyu, yana juya shi, yana ba shi ruwa a cokali. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Baffa ya rasu ana shirin shiga sabon rani, yana ƙanen Baba da shekara shida. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ban dariya, kuma shi ya fara ɗora ni a kan gora.

Kwana uku bayan sadakar arba'in, da tsakar rana, ina ɗakin awo ni kaɗai, sai na ji hayaniya a waje. Na leƙa taga. Baba ne a gaba da sandarsa, bayansa masunta da masu yashi, wasu ƙafafunsu da laka, sun yi layi har bakin ƙofar asibiti. Na fara ƙirgawa, na kai ashirin na rikice. Likita ya fito daga ofishinsa, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Baba ya juya ya fuskance su, da muryar da yake ba da umarni a ruwa. "Kowa ya karɓi kwalba. Na ƙarshen ake so, ba na farko ba. Wanda ya ji kunya ya tuna ni na riga shi. In kun gama ku kai wa Malam."

Na waiga ina neman wane Malam. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, daga kai sai wancan. Sai da na ga duk sun dube ni sannan na gane.

Kwalabe suka taru a tebur har ba wurin ajiye hannu. Na zuba na farko a inji na kama mariƙin, amma hankalina yana waje, injin yana tafiya yana tsayawa. Baba ya shigo, karo na farko da ya taka ɗakin. Ya tsaya yana kallona, ya girgiza kai, ya jingine sandarsa a bango, ya naɗe hannun riga.

"Matsa," ya ce. "Haka ake jan abu?"

Ya kama mariƙin da hannun da ya shekara arba'in yana jan taru. Injin ya ɗauki kuka irin wanda ban taɓa jin ya yi ba, tebur yana rawa, kwalabe suna kaɗawa, mutanen da ke taga suka kwashe da shewa.

Na ce, "Baba, a hankali, za su fashe!"

Bai rage ba. Ya ce, "Kai dai je ka duba abinka. Mutane suna jira."